Hoto Ɗaya Tak a Rana: Abin da Na Koya a Duwatsun Rano da Kibiya

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, abin da zan yi bayani a kai shi ne ɗaukar hoton namun daji da tsuntsaye da duwatsu da itatuwa. Ni ba gwani ba ne. Shekaruna goma sha shida, kuma kyamarar da nake aiki da ita ma ta aro ce. Amma akwai wani darasi da na koya a lokacin hutu, wanda na ga bai kamata in bar shi a cikina ni kaɗai ba. Darasin kuwa shi ne, mai son hoto mai kyau sai ya rage sauri, ya rage kaya, ya kuma rage yawan abin da yake cusawa a cikin hoton.

Yadda abin ya faro

A dogon hutun watan Agusta na 2024 yayana ya goya ni a babur muka je ganin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta a 1974. Kowa ya san dokar makarantar kwana ba ta yarda ɗalibi ya riƙe waya ba. Saboda haka da yayana ya miƙo mini tasa, sai na zama kamar mayunwaci ya ga tuwo. Na ɗauki ruwa, na ɗauki kwalekwalen masunta, na bi balbelu da gudu suna tashi ina dannawa. Kafin la'asar hotuna sun haura ɗari uku.

A hanyar komawa muka biya ta cikin garin Rano don mu gai da kawunmu, wanda ya yi sana'ar hoto tun zamanin da ake aiki da fim. Na miƙa masa wayar ina ta alfahari. Ya sa tabarau ya duba su ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba. Can sai ya ɗago ya ce, "To, a cikin waɗannan duka, wanne za ka wanke ka rataye a ɗaki?" Na duba, na sake dubawa, ban sami ko ɗaya ba. Wasu sun karkace, wasu sun yi dishi-dishi, balbelun kuwa sai ka rantse ƙwayar shinkafa ce aka watsa a tabarma.

Kawu ya ce, "Ɗana, wayar ce ta je Tiga, kai ba ka je ba. A zamaninmu fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kowane ɗaya kuɗi ne, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. Don haka kafin mu danna sai mun duba sau goma."

Da hutun Disamba na 2024 ya zo, sai ya ba ni aron wata ƙaramar kyamara da sharaɗi guda. Zan tafi wurin kakana a wani ƙauye da ke ƙasar Kibiya in yi kwana goma, kuma a kowace rana hoto ɗaya tak zan ɗauka. Ya ce kada in yi tunanin gogewa in sake, domin kyamarar tana ba kowane hoto lamba, in na goge ɗaya zai ga giɓi a lissafi.

Ashe haƙuri ne asalin hoto

Da farko na ɗauka horo ne kawai Kawu yake so ya yi mini. Sai da na bincika a laburaren makaranta na gane cewa sana'ar hoto da jira aka haife ta. A darasin kimiyya an nuna mana akwatin nan mai ƙaramar huda, wanda haske ke shiga ya zana surar abu a juye. Malamin nan da ya zauna a ƙasar Misira, Ibnul Haisam, ya yi bayanin wannan tun kimanin shekara dubu da suka wuce. Amma kama surar ta zauna a kan wani abu, wannan sai a wajen 1826, lokacin da wani Bafaranshe mai suna Niepce ya ɗauki hoton rufin gine-gine ta tagar gidansa. Sai da ya bar akwatin a buɗe aƙalla awa takwas kafin hoto ɗaya ya kamu.

Ko a zamanin nan ma akwai wanda ya koma wa wannan hali da gangan. Wani Ba'amurke mai suna Jim Brandenburg, wanda ya daɗe yana ɗaukar wa mujallar National Geographic hotunan namun daji, ya yanke wa kansa doka a 1994. Ya yi kwana 90 a dajin da ke kusa da gidansa a jihar Minnesota, kowace rana sau ɗaya kawai yake danna kyamara. Mujallar ta buga hotunan a 1997, kuma suna cikin ayyukansa da aka fi sani. A nan gida Nijeriya kuwa akwai marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Shi tun daga 1968 ya dage a kan abu guda, watau kitson matan ƙasar nan, yana ɗaukarsa a gaban bango wanda ba komai a jikinsa, har ya tara hotuna kusan dubu. Da na karanta wannan sai na ga ashe sharaɗin Kawu ba baƙon abu ba ne.

Makarantar Kaka

Kakana tsohon maharbi ne, ko da yake ya daɗe da rataye bakansa. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, da wannan takun naka kamar na jaki a kan fako za ka ga naman daji?"

Ran farko ban ji maganarsa ba. Na fita da hantsi sanye da farar riga, na hau dutsen da ke bayan gonarsa. Da na hangi wani jan gwada a kan dutse sai na danna cikin gaggawa, hoton ranar ya tafi a kan wutsiyar ƙadangare. Rana ta biyu na hangi wasu dabbobi masu kama da gafiya amma ba wutsiya, sun fi ta kauri, suna kwance a kan dutse. Na nufe su kai tsaye. Ɗaya ta yi wata ƙara mai kaifi, kafin in ɗaga kyamara duk sun shige kogo. Na dawo gida da hoton dutse tsirara.

A daren nan Kaka ya ce, "Rema ce ka kora, wasu kan ce agwada. Gobe in mun idar da sallar Asuba ka biyo ni." Ga abin da ya koya mini, na kuma haɗa da na Kawu, na tsara su don amfanin mai son gwadawa.

Na farko, ka zaɓi wuri guda

Kada ka ce sai ka zaga duniya. Yawancinmu in an ce namun daji sai hankalinmu ya tafi Dajin Falgore ko Yankari, ko gidan zu na Kano. Alhali kuwa ƙasar Rano da Kibiya cike take da duwatsu da fadamu da gonaki masu kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo, ga duwatsun Rurum, ga ruwan Tiga da na Ruwan Kanya. Dutse ɗaya ko itace ɗaya ya ishe ka hutu guda. In kana komawa wuri guda kullum, za ka san inda rana ke fara haskawa, da reshen da tsuntsu ya saba sauka, da hanyar da kurege ke bi. Dabbobin su ma za su saba da ganinka.

Na biyu, ka san lokacin haske

Hasken tsakar rana yana saukowa daga bisa, ya ƙone launi, ya sa inuwa ta yi baƙi ƙirin. Hasken da ake so shi ne na sassafe da na yamma liƙis, domin yana zuwa daga gefe, yana fito da kowane tsagi da gurbi na jikin dutse. Ga ɗan lissafi. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, watau digiri 15 ke nan a kowace awa. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, rana kan tashi kusan a miƙe take, ba ta jan ƙafa kamar a ƙasashen Turai. Saboda haka hasken nan mai taushi bai cika kai mana awa guda ba. A watan Disamba rana kan fito a wajenmu da bakwai saura, don haka wanda bai zauna a wurinsa kafin lokacin ba ya makara.

Hazon hunturu kuma, wanda mutane ke kuka da shi, abokin mai hoto ne. Yana rufe tarkacen da ke nesa, sai ka ga dutsen kusa ya yi duhu, na bayansa ya yi toka-toka, na can ƙarshe kamar hayaƙi.

Na uku, ka koyi zama

Nan ne ilmin Kaka ya yi rana. Ya ce kafin ka zauna ka ɗebi ɗan ƙura ka sake ta, ka ga inda iska ta kai ta. Ka zauna inda iska ke busowa daga wurin dabba zuwa gare ka, don kada ta kai mata warinka da motsinka. Ka sa tufa mai launin ƙasa. Kada ka tsaya a ƙololuwar dutse inda za a ga surarka a jikin sama, ka jingina bayanka da dutse ko gindin itace. In dole ka matsa, kada ka nufi dabba kai tsaye, kada kuma ka zura mata ido. Ka bi a kaikaice, taku biyu ka tsaya, kamar mai neman abin da ya yar.

A rana ta uku mun zauna fiye da awa biyu, remar ba ta fito ba. Na koma gida ban danna ko sau ɗaya ba, kuma wannan ita ce ranar da na fi koyon abu. Na lura da cewa dutse yana da tsarin tashi daga barci kamar yadda muke da shi a makaranta. Kajin dutse ne ke fara kiran juna tun da duhu-duhu. Sa'an nan hasbiyoyi su bar tsagin dutse su nufi gonaki. In rana ta taɓa dutse sai ƙadangaru su fito suna gyaɗa kai, kana kurege ya leƙo daga raminsa. Duk shekarun da nake zuwa ƙauyen nan ban taɓa sanin haka ba.

A rana ta huɗu, bayan zama na awa ɗaya da rabi, sai ga rema guda ta fito ta tsaya a kan wani dutse tana dube-dube. Wannan ita ce mai gadi. Da ta ga ba motsi, sai sauran suka biyo, har da ƙanana biyu, suka kwanta a jikin juna. Hannuna yana rawa, amma na jira har mai gadin ta juyo hasken rana ya faɗa a idonta, sa'an nan na danna. Daga baya na karanta cewa jikin rema ba ya iya riƙe ɗumi sosai kamar na sauran dabbobi masu shayarwa, shi ya sa dole ta sha hantsi kafin ta fita kiwo. Farin zanen da ake gani yana gangarowa a jikin duwatsun da suke zaune kuwa fitsarinsu ne da ya bushe shekara da shekaru, kuma da shi ake gane mazauninsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masana sun ce a cikin dabbobin da ke raye, giwa da ayu suna cikin danginta na kusa. Da na gaya wa Kaka sai ya ce lalle boko ya fara taɓa mini kai.

Na huɗu, ka rage abin da ke cikin hoto

Kawu ya ce kafin ka danna ka tambayi kanka, hoton mene ne wannan? In amsar ta wuce kalma biyu ko uku, to, kaya sun yi yawa. Ka duba kusurwoyi huɗu na hoton, ko akwai leda, ko wayar lantarki, ko reshen da ya leƙo ba a gayyace shi ba. In akwai, ka gusa gefe ko ka durƙusa har su fita. Kada ka ji tsoron barin fili. Balbela ɗaya a kan doron saniya da sarari a gabanta ta fi garke guda da aka cusa a hoto ɗaya. Ka raba hoton gida uku a zuciyarka, ka ajiye abin da kake ɗauka a gefe guda maimakon tsakiya, ka kuma tabbata layin da sama ta haɗu da ƙasa bai karkace ba.

Na biyar, ka rage kaya

Ba sai da babbar kyamara mai dogon baki ba. Abin da na ɗauka kullum shi ne kyamara, da gorar ruwa, da ɗan littafi da fensir, da wata tsohuwar safa da na cika da gero na ɗaure bakinta. Da sassafe haske kaɗan ne, saboda haka kyamara takan daɗa jinkiri kafin ta rufe ido, kuma ko yaya hannu ya girgiza hoton zai yi dishi-dishi. Sai ka ɗora safar a kan dutse, ka ɗora kyamarar a kanta, ta zauna daram. In da waya kake aiki, ka goge gilashinta tukuna, kuma kada ka yawaita jawo abu kusa da yatsa, domin a yawancin wayoyi wannan yanke hoton kawai yake yi ya buɗa shi, sai ya fashe. Gara ka bar dabbar ta fito ƙarama a cikin mazauninta. A littafin kuma ka rubuta rana da lokaci da wuri da abin da ka gani, domin hoton da ba a san ranarsa ba shaida ce ragaggiya.

Na shida, ladabi da tsaro

Kada ka jefi tsuntsu don ya tashi ka ɗauke shi, kada ka taɓa sheƙa ko ƙwai, kada ka toshe ramin dabba. In ka ga dabba ta daina abin da take yi ta zuba maka ido, ka matsa da yawa, sai ka ja da baya. Ka nemi izinin mai gona kafin ka shiga, kada kuma ka ɗauki hoton mutum sai ya yarda. Ka gaya wa na gida inda za ka da lokacin dawowarka, ka tafi da babba ko aboki, ka sa takalmi rufaffe. Kada ka zura hannu a tsagin dutse, domin gidan kububuwa da kunama ne. Manyan dazuzzuka irin Falgore kuwa ba wurin da yaro zai shiga ba ne sai tare da hukuma.

Abin da ya sa na ce a kula

Wani zai ce duk wannan wahala a kan hoto? To, ga abin da ya faru. A rana ta takwas hazo ya sauka sosai. Tsakanin gonar Kaka da dutsen akwai wata tsohuwar ɗorawa a gonar maƙwabcinsa. Na zaga ta har sau uku, na sami wurin da take tsaye ita kaɗai, dutsen yana bayanta kamar inuwa. Na jira har wani cilakowa ya sauka a reshenta na sama, na ɗauka. Da na mai da kyamara Rano, Kawu ya ƙirga lambobi ya ga tara cif ba giɓi, na gaya masa labarin ranar da ban danna ba. A cikin taran nan ya zaɓi biyu ya wanke mini, na rema da na ɗorawa.

Da na koma ƙauyen a hutun Afrilu na 2025, lokacin da ya kamata a ce ɗorawar tana ɗauke da 'ya'ya, sai na tarar da kututture. An sayar da gonar, an sare itacen an yi itacen wuta da shi. Na nuna wa Kaka hoton. Ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce a ƙarƙashinta mahaifina ya koyi tafiya wata shekara ana girbi, kuma da kalwarta kakata ta yi ta yin daddawa har ta tsufa. Ya ce, "Abokina, bar mini wannan." Yanzu yana cikin jakar da yake ajiye takardunsa. Da a ce irin ɗaukar Tiga na yi mata, da ko kallo ba ta ishe ni ba.

Ba ɗorawa kaɗai ke tafiya ba. Mahaifina ya ce suna yara ba a iya ƙirga ungulu a mahauta ran kasuwa. Ni kuwa a kwana goman nan da na yi ina kallon sama ban ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu ta gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma cikin dalilan akwai guba da farautarta don sayar da sassan jikinta. Kaka ma ya ce remar da na yi murnar gani ba ta kai rabin rabin wadda ya sani a dutsen nan ba. Idan ba mu tsaya mun dubi abin da ya rage ba, ƙannenmu sai dai su ji labari, kuma ba za mu sami abin nuna musu ba.

Roƙona

Ga 'yan'uwana ɗalibai, ku gwada wannan a hutu mai zuwa. Ku zaɓi dutse ɗaya, ko kuka ɗaya, ko bakin rafi ɗaya kusa da gida, ku ba shi kwana bakwai, hoto ɗaya a rana. Wanda bai sami kyamara ba ya tafi da littafi da fensir, ya rubuta abin da ya gani, domin ido ne ke fara ɗaukar hoto. In mun dawo sai mu haɗa abin da muka samu, mu roƙi malaminmu na kimiyya ya ba mu gefen allon sanarwa mu liƙa. Ni kaina na ga amfanin zaman nan a wani wuri da ban zata ba, domin wanda ya iya jiran rema awa biyu, zaman karatun dare na awa ɗaya ba ya gagararsa.

Ga iyayenmu kuma, in kun ga yaro ya zauna shiru a gindin dutse, kada ku ce shiririta ce. Ku ara masa waya na awa guda bayan ya gama aikin gida, ku haɗa shi da wani babba. Daɗin daɗawa, ku gaya mana sunayen tsuntsaye da itatuwa da kuka sani, domin da yawansu ba sa cikin littattafanmu, a bakinku kawai suke.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Kawu ya yi mini alkawarin ƙara ba ni aron kyamarar idan damina ta kama, kuma na riga na zaɓi abin da zan jira, watau shamuwar da ke sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidan Kaka. Allah Ya kai mu lafiya, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.